Kaka da Idon 'Yar Kwalba

'Yar Kwalba suke kiranta, don bakwaini ce, ta daɗe a kwalbar asibiti kafin a kawo ta gida. Tun tana can likitan ido ya ga jijiyoyin cikin idonta suna tsirowa a karkace, ya yi mata allura a idanun biyu, ciwon ya kwanta. Amma ya ja musu kunne cewa ƙarfin allurar yana ƙarewa, ciwon kan dawo shiru bayan watanni, dole a riƙa kawo ta dubawa.

Da uwar ta koma aikinta na koyarwa, kai yarinya asibiti ya faɗo hannun mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Kaka.

Zuwan farko Kaka ta ga abin da ba ta zata ba. Aka naɗe jaririya tsam da zane, aka sa ɗan ƙarfe ya wage fatar idon, likita ya haska fitilar goshinsa. Yarinya ta tsala ihu har muryarta ta ɗauke.

"Mama, danne mata kai," in ji nas.

Ta danne.

Zuwa na gaba ƙafarta ta ƙi shiga ƙofar asibitin. Ta zauna a benci kusa da mai gyaran takalma, ta kwance goyo, ta ce, "Dubi ido tar kamar na mage. Wa zai sake taɓa min ke?" Da rana ta yi, ta koma gida.

"Me likita ya ce, Mama?" in ji 'yarta.

"Lafiya lau, ya ce."

Daga nan abin ya zama jiki. In asibiti suka kira wayarta, sai ta kife ta.

Ranar da aka ba makaranta hutu, uwar ta ce yau tare za su je. Kaka ta kawo ciwon gwiwa, ta kawo hadari, duk a banza.

Nas na ganinsu ta ce, "Laa, 'Yar Kwalba! Ina kuka shige? Mun ɗauka kun ƙaura."

Uwar ta yi dariya. "Ai Mama na kawo ta."

Nas ta dubi Kaka. Kaka ta dubi takalminta. Dariyar uwar ta tsaya a baki.

Likita ya daɗe yana dubawa. Ciwon ya dawo, ya ce. Idon dama za a tare shi da hasken leza, na hagu kuwa ya yi nisa, sai abin da Allah ya yi. Bai tambayi laifin waye ba. Kaka ta so a ce ya zage ta.

Aka yi aikin, idon dama ya tsira, na hagu bai dawo ba.

A gida babu wanda ya ɗaga maganar. Surukin Kaka ya ci gaba da durƙusawa yana gaishe ta, ita kuwa ta kasa haɗa ido da shi. Ta daina fitowa cin abinci sai kowa ya tashi.

Wata safiya 'yarta ta same ta tana cusa kaya a jaka.

"Ina zuwa?"

"Gidan yayanki. Kukanta ne na kasa ji, wallahi ba..."

"Na sani, Mama. Da kin faɗa min." Ta goge fuska da bayan hannu. "Ajiye jakar. In kin tafi wa zan bar wa ita? Asibiti dai ni zan riƙa kai ta."

Ta miƙa mata yarinyar, ta ɗauki littattafanta, ta fita a makare.