Kyandir Uku a Ƙarƙashin Kofi

Tun da masinja ya leƙo ɗakin malamai ya ce ana kiranta a ofis, malamar kimiyya ta san ba lafiya ba. Ta tarar da shugaban makaranta yana juya biro a hannu, a kujerar baƙi kuma ga wani dattijo zaune, sanda a tsakanin ƙafafunsa, littafin wata ɗaliba a kan cinyarsa.

"Malama, wannan babanmu ne," in ji shugaban. "Tsohon hedimasta ne, shi ya koyar da ni a firamare. Jikarsa tana ajinki."

Ta rusuna ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, ya buɗe littafin ya miƙo mata.

"'Yata, mako bakwai da komawa makaranta, shafi huɗu kacal. Su ma tambayoyi ne da zane-zane. Na tambayi yarinya me aka koya musu, ta ce wai ke ba kya ba da amsa, su ke nemowa. To in yara za su koyar da kansu, ke mene ne aikinki?"

Ta buɗe baki za ta yi bayani, shugaban ya ɗaga mata hannu. Da ma da ƙyar ya yarda ta gwada wannan salo na zango ɗaya.

"Baba zai shiga ajinki yanzu. In bai gamsu ba, gobe ki koma alli da allo kamar kowa."

Ajin na cike da hayaniya lokacin da suka shiga. An haɗa tebura shida-shida, kowane rukuni da farantin ruwa, da kofin gilashi, da guntun kyandir. A kan allo akwai tambayar da yaran suka zaɓa da kansu makon jiya: me ya sa ruwa ke hawa cikin kofi idan aka kifa shi a kan kyandir mai ci? Ganin baƙi, kowa ya yi tsit. Jikar dattijon, wadda ake kira Shiru-shiru saboda ba a cika jin muryarta ba, ta sunkuyar da kai kamar ta shige ƙarƙashin tebur.

"Ku ci gaba," in ji malamar, ta koma gefen taga ta harɗe hannuwa a baya.

Kamar da gangan, komai ya taru ya lalace. Wani yaro da ake kira Sarkin Surutu ya ture faranti da gwiwar hannu, ruwa ya jiƙa ashanar rukuninsu. Wani rukuni ya kifa kofi tun kyandir bai kama ba. Wasu biyu suka sa gardama, ɗaya na cewa hayaƙi ke jan ruwan, ɗaya na cewa ai gilashin ne. Amsar tana bakin malamar, ta haɗiye ta. Ta ga dattijon ya dubi agogo, ya dubi shugaban, shugaban kuma ya dubi silin.

Bayan minti goma sha biyar haƙurin tsoho ya ƙare. Ya dogara sanda ya miƙe, ya ɗauki alli.

"Ku saurara, 'ya'yana. Abin minti biyu ne. Wuta tana cinye iskar oksijin da ke cikin kofi. In ta ƙare, wuta ta mutu, ruwa ya hau ya cike gurbinta. Shi ke nan. Ku rubuta."

Nan da nan aka ji ƙarar buɗe littattafai. Malamar ta san bayanin nan, ita ma shi aka koya mata tana yarinya, ta kuma san ba shi ne ainihin dalilin ba. Ta gyara wa sa'an mahaifinta a gaban jikarsa? Ko ta yi shiru yara arba'in su kwashi kuskure su tafi da shi gida? Gaba kura, baya sayaki.

"Mun gode, Baba," ta ce. Ta juya ga yaran. "Kun san ƙa'idarmu, duk bayanin da aka kawo sai mun gwada shi, ko da nawa ne. Wa zai gaya mana yadda za a gwada wannan?"

Babu wanda ya motsa. Shugaban ya watsa mata wani kallo. Ta fara ƙirge a zuci, ta yi alkawarin ba za ta ce uffan ba sai ta kai talatin. Tana ashirin da biyu wani hannu ya ɗago a hankali daga teburin baya. Shiru-shiru ce.

"Kaka," ta ce, idonta a kan faranti, "iskar da ke cikin kofi ai ɗaya ce, ko kyandir ɗaya aka sa ko uku. In ita ake cinyewa, ya kamata ruwan ya tsaya wuri ɗaya."

"Au, ke ce za ki yi mini jarrabawa yau?" in ji dattijon. Wasu suka yi 'yar dariya, amma shi fuskarsa a ɗaure take. "To, kunna mu gani."

Aka kewaye teburinta. Ta kunna kyandir ɗaya, ta kifa kofi, wuta ta mutu, ruwa ya hau kamar faɗin yatsa. Dogo, wanda ya fi kowa tsayi a ajin, ya ja layi da alƙalamin maka a jikin gilashin daidai inda ruwan ya tsaya. Sannan ta jera uku. Ashana ta farko ta karye a hannunta, ta biyu ta kama. In kofin bai zauna daidai ba, ko ɗaya ya mutu da wuri, kashin malamar ya bushe.

Wutar ta lumshe ta mutu. Ruwa ya taso, ya kai layin Dogo, ya wuce shi da kusan yatsa biyu.

"Malama, na ga kumfa!" Sarkin Surutu ya ƙwala ihu. "Lokacin da ta kifa, iska ta gudu ta ƙasan kofin!"

"Zafi ne ya kore ta," wata ta ce. "Uku sun fi ɗaya zafi."

"Da wuta ta mutu kuma ragowar ta huce ta takure, shi ne ruwa ya samu wuri!" wani ya ƙarasa.

Dattijon ya matso kusa da teburin. Ya jingine sandarsa, ya karɓi ashana, ya maimaita gwajin da hannunsa, da ɗaya, sannan da uku. Ya daɗe yana kallon kofin.

"Kin san wannan tun da na ɗauki alli?" ya tambayi malamar a hankali.

"Na sani, Baba."

"Kika bar ni na gama."

"Su ma haka nake barinsu."

Ya yi wani gajeren tsaki wanda ba ta gane na fushi ne ko na dariya ba. Ƙararrawa ta kaɗa, babu yaron da ya tashi. Shugaban ya matso ya rage murya.

"Baba, me ka gani?"

"Hayaniyar ta yi yawa, kuma ana ɓarnar ashana," in ji dattijon. "Amma ka bar ta ta ƙarasa zangon."

Sai a lokacin malamar ta saki hannuwanta, ta ga faratanta sun bar shaida a tafinta. Malamin lissafi yana bakin ƙofa da littattafansa yana jiran a ba shi aji, dattijon kuwa ya riga ya ja kujera ya zauna a tsakanin yaran, yana tambayar Dogo ko akwai kofin da ya fi wannan girma.