Magini Ya Gyara wa Baba Hanya

Dutsen da Baba yake hawa ba ya cikin waɗanda baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Ba allo, ba mai gadi, sai awaki da iska. Shekara talatin yana hawansa duk Asabar, kuma shi ya jera tarin duwatsu a kowace kwana don nuna hanya. Da idonsa ya fara rauni, babban wanmu, Yaya, ya so hana shi. Da ƙyar aka daidaita: zai ci gaba, amma ran da ya ɓace hanya, shi ke nan.

Sai ga mijin ƙanwata, magini, wai zai raka mu. Ni na ce ya zo, har yau ina cizon yatsa.

Wajen hawa ya riƙa zama a baya. Na zaci numfashi ne ya gagare shi, har na tausaya masa. Ashe gyara yake yi! Duk tarin da ya gani a karkace sai ya rushe, ya kwashe duwatsun zuwa inda ƙasa ta daidaita, ya sake ginawa tsaf.

Muna saukowa gajimare ya rufe mu. Baba na gaba da sandarsa, ya bi tari na farko, ya bi na biyu. A na uku na cafko rigarsa, saura taku biyu ya faɗa kwazazzabo.

"Wa ya taɓa min duwatsu?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba," magini ya ce, har da murmushi. "A kan gangare aka ɗora su, ba tushe. Ruwa ɗaya zai zubar da su."

"Shekara talatin ruwan bai zubar ba sai da ka zo?" na ce. "Hanya suke nunawa, malam, ba katanga ba ce!"

Na roƙe shi ya ja bakinsa in mun isa gida. Ina! Ko takalmi bai cire ba ya zayyana wa Yaya komai a falo, yana jiran a yaba aikinsa. Na yi bayani, na rantse, na nuna mai laifi da yatsa. Yaya ya ce shi dai abin da ya sani, tsoho ya kusa faɗawa rami. Ya ɗauki sandar Baba ya kulle a motarsa.

Baba bai yi musu ba. Ya dubi surukinsa ya ce, "In ka samu lokaci ka mayar da su inda suke. Akwai makiyaya da ke bi."