Ƙwallon Malam Hashimu

"Matsa shi kaɗan, Kulu, ya yi tsawo kamar ƙwan zabuwa," in ji Malam Hashimu daga kan tabarmarsa.

Na matsa dawon da ke hannuna. Furar sayarwa ce fa, amma wa zai hana marar lafiya, maƙwabcin shekara ashirin?

"Yauwa. Irin wannan ne ake gane juyawarsa. Mai dunƙule sarai, ko ya juya ba a sani."

Matarsa Zainabu ta ce, "Malam, sha kununka ka bar baiwar Allah ta tafi kasuwa."

A Tanout kowa Malam Ƙwallo yake ce masa. Da ya dawo daga Faransa aka tambaye shi abin da ya karanto, ya laluba Hausa ya ce ƙwallo. Shi yana nufin abin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, yadda dabino ke da ƙwallo a ciki. Jama'a kuwa suka ɗauka tamaula ce. Har usur samari suka taɓa kawo masa ya yi musu alƙalanci. Ya karantar da kimiyyar fizik a lise, babbar sakandare, har ya yi ritaya, ana yi masa dariya yana tayawa. Sai da ciwon ƙoda ya kwantar da shi abin ya fara cinsa.

"Mutum guda nake so ya gane a unguwar nan kafin in tafi," ya ce. "Guda tak."

Ƙuri'a ta faɗo kaina, ni da ko ƙofar lakwal, makarantar boko, ban taɓa takawa ba. Kullum da hantsi sai in ajiye ƙwarya in zauna. Ya ce cikin ƙwallon nan akwai 'yan ƙwayoyi, wani ƙwallon ma fiye da ɗari, kowace tana harkar gabanta. Amma kuma ƙwallon kan yi rawa, ya miƙe, ya lotsa, ya juya kamar jiki ɗaya.

"Wa ke ba su umarni?"

"Babu kowa."

"Kai, Malam. Ko tumakin kwarin Tarka sai da makiyayi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara shida na ci a kan tambayar nan taki."

"Ka gani da idonka?"

"Ba mai gani, Kulu. Da lissafi ake kamo shi."

Ranar Juma'a da safe ya tambaye ni ko na gane. Zainabu ta ƙifta mini ido in ce e. Bakina ya ƙi.

"Saura kaɗan, Malam."

"To ki hanzarta, ni ma saura kaɗan."

Duk muka yi dariya. Bayan la'asar Allah Ya karɓi abinSa. Na yi kuka, kuma rabin kukan na haushin kaina ne, don kalma ɗaya ya roƙa na hana shi.

Ranar sadakar uku muka taru dakan gumba a tsakar gidansa, mu uku a babban turmin Zainabu. Ba mai ƙirga, ba mai waƙa tunda gidan makoki ne. Kowace da taɓaryarta da ƙarfin damtsenta. Can sai na lura turmin yana rangaji, gaba da baya, ba da bugun kowa a cikinmu ba. Geron ciki kuma yana kewayawa a hankali, gaba ɗayansa, kamar ƙwallon Malam.

Na miƙa wa maƙwabciyarmu Dado taɓaryata, na tsuguna. Na ɗora tafina a jikin turmin, na bar shi nan yana motsi a hannuna.