Uzurin Malam Mantau

Sau tara cikin wata guda mai kula da sito ya hau bene, wai ya manta kalmar sirrinsa ta manhajar kaya. Abokan aiki har sun laƙaba masa Mantau. Alhali bai taɓa mantawa ba. Injiniyar da ta gina manhajar ce ke zaune a can sama, gefen taga, kullum tana cizon murfin biro, shayinta na hucewa.

Ran Talata ita ta aika a kira shi.

"Malam Mantau, jawo kujera. Yau zan raba ka da wahala. An daina kalmar sirri, da asusunka na dandalin hirar ofis za ka riƙa shiga. Da kai zan gwada."

To da wane dalili zai sake hawowa?

Duk da haka ya kasa ɗauke ido daga aikinta. Ta yi wa manhajar rajista a dandalin, aka ba ta mabuɗin sirri, ta kare allon da tafin hannu.

"Kau da kai, wannan ko manaja ba ya gani."

Da aka zo wurin neman izinin bayanan da manhajar za ta ɗauka daga dandalin, suna da imel kawai ta zaɓa. "Ina ruwan manhajar kaya da hirar mutane?" in ji ta. Nan ya ji ta ƙara shiga ransa.

Ya danna maɓallin shiga, jan rubutun kuskure ya fito. Har ya fara murna a ɓoye. Ita ko gezau, ta karanta a nitse, ta yi dariya.

"Laifina ne. Adireshin da dandalin zai dawo da kai, na kwamfutar gwajina na sa."

Ta gyara. Ya sake dannawa, sai ga sunansa da imel ɗinsa. Ya miƙe zai tafi.

"Af, Malam," ta ce, idonta na kan allo, "manhajar tana rubuta duk wanda ya kuskure kalmar sirri. Kai ko sau ɗaya ba ka taɓa ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun zuwanka na biyu."

"Kuma kika yi ta canza mini kalmar?"

Ta cire murfin biron daga bakinta, ta dube shi sosai.

"Na gaji da gyaran abin da bai lalace ba. Gobe in za ka hawo, ka zo da maganar da ke kawo ka."

Bibbiyu ya riƙa tsallake matakalar benen.