Ba a Tashi Sai Tare

Tsofaffin suna kwance rigingine a kan tabarmin roba, tafin hannuwansu na kallon sama, kamar an shanya su. Fankar ɗakin taron asibitin unguwa tana juyawa da ƙyar, da alama ita ma tana da nata ciwon. Ma'aikacin jinyar da ke koya musu yoga, wato motsa jiki da sarrafa numfashi, wanda suke kira Malam, yana zagayawa a tsakaninsu ba takalmi.

"Ku ja numfashi a hankali," in ji shi. "Ku sake shi. Ku bar jikin ya huta."

Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Kafinta, bai huta ba. Wannan kwanciyar ta ƙarshen darasi ita kowa ke ɗoki, shi kuwa ita ce fargabarsa, don duk wanda ya kwanta dole ya tashi.

Ajin na maza ne masu irin ciwon da ba ya kisa da wuri, ba ya kuma warkewa: hawan jini, suga, asma, amosanin gaɓoɓi. 'Yan tabarma suna gaba, 'yan kujera suna baya a jikin bango, suna ɗaga hannu da murza wuya daga zaune. Ba a taɓa ganin wanda ya koma kujera ya dawo tabarma ba. Malam ya sha lallashin Kafinta ya koma baya saboda gwiwoyinsa, waɗanda durƙuson aikin katako ya cinye, amma ya kafe.

Shi ba don numfashi yake zuwa ba, numfashi ai tun da aka haife shi yake yi. Abu ɗaya ya kawo shi, dabarar tashi daga ƙasa da Malam ke koyarwa: ka juya gefe, ka dafa hannuwa, ka hau gwiwa, ka kafa ƙafa ɗaya, ka miƙe. Matarsa na gida, ɓarin jikinta ya shanye. Takan zame daga gado ko a wurin wanka, shi ne zai sauka ƙasa, ya rataya hannunta a wuyansa, su miƙe tare. Babbar 'yarsu kuwa ta gaya masa magana ba ɓoye-ɓoye.

"Baba, ranar da ƙafarka ta gaza, zan tafi da Mama gidana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Gidan nata yana can nesa, ɗakin da za a ba uwar ma da jikoki za su raba, balle a samo masa wurin sa haƙarƙari. Tun suna da ƙuruciya ba su taɓa raba ɗaki ba, shi da matar nan. Tsoron rabuwar ya fi ciwon gwiwar cin sa.

Ajin yana da wata ƙa'ida da ba Malam ne ya kafa ta ba. Wani tsohon soja mai ciwon suga, sarkin tsokana, shi ya kawo ta: in an gama, ba wanda zai buɗe ido ko ya motsa sai wanda ya fi kowa wahalar tashi ya miƙe ya yi gyaran murya. A cewarsa, ba a barin mutum a baya, ba a kuma kallon dattijo yana rarrafe. Tun da damina ta wuce, mai gyaran muryar nan Kafinta ne. Malam ya sani, sai ya juya baya ya kama shirya takardun da ba su buƙatar shiri.

"To, a hankali, kowa ya dawo," in ji Malam.

Kafinta ya juya gefe. A nan ne ya hango ta a bakin ƙofa, riƙe da ledar magungunan uwarta. 'Yarsa ce. Ba ta ce masa za ta zo ba, ta biyo karɓar magani ne, wata ma'aikaciya ta nuna mata ɗakin.

Ya dafa hannuwa. Ya hau gwiwa, zafin ya tsarga masa har ƙugu, ya cije. Ya jawo ƙafar dama ya kafa ta, ya tattara duk abin da ya rage masa ya yunƙura. Gwiwar hagu ta ƙi. Ya koma ƙasa a kan kafaɗa, tabarmar ta zame.

Ba wanda ya motsa. Sojan ya ƙara da minsharin ƙarya, wai don ya rufe ƙarar faɗuwar, 'yan kujera ma suka runtse ido. Da a ce sun tashi a hargitse, wannan na neman takalmi, wancan na nishi, da ya dafa kafaɗar wani ya miƙe a cikin hayaniya, ba ta ga komai ba. Amma bayin Allah nan suna rufa masa asiri iyakar saninsu. Ɗaki guda na mutane kwance tsit, mutum ɗaya tak yana fama da ƙasa, ko makaho ya gane.

Ya sake gwadawa, gumi na ɗiga daga gemunsa. A waje mata masu awon ciki sun fara taruwa, su ke da ɗakin bayan su, wata har tana tambayar ko barci aka zo yi. Malam ya jawo kujera ya ajiye kusa da shi, ya rage murya.

"Baba, dafa wannan. Ba abin kunya ba ne."

"Ɗauke ta," in ji Kafinta. "A banɗakinmu babu wurin kujera."

Yunƙuri na uku ko gwiwa bai kai ba. Ya tsaya a kan hannuwansa yana haki, yana kallon zanen tabarmar. Jiki magayi, ya gama faɗin abin da baki ya daɗe yana ɓoyewa.

Ta cire takalmanta ta shigo, tana tsallake ƙafafun iyayen wasu, ta tsuguna a gabansa.

"Baba, riƙe wuyana."

"Bari na ɗan huta, zan iya."

"Na sani. Riƙe dai."

Ya riƙe. Ta miƙe da shi a tashi ɗaya, har ta ɗan yi baya don ta sa ƙarfin da ya wuce nauyinsa. Ba ta san ya rame haka ba, riga ce kawai ke rufe shi. Idonta ya kawo ruwa, ta kau da kai.

Kafinta ya tsaya a kan ƙafafunsa, ya dubi abokansa da ke kwance suna jira. Ya yi gyaran murya. Suka fara motsi, kowa da nishinsa.

"Ka gani ko?" in ji Sojan yana murza ido, bai lura da ita ba tukuna. "Sannu ba ta hana zuwa. Yau ma ka ci nasara, Kafinta."

Sai ya ga 'yar tana riƙe da hannun uban, ya sunkuya neman takalminsa.

Suka zauna a bencin baranda, ledar magani a tsakaninsu. Masu awon ciki suka wuce su suna hira. Ya jira ta tayar da maganar tafiya da uwarta, ba ta tayar ba, tana ta murɗa bakin ledar. Sai ya ga bai kamata ya bar wa 'yarsa nauyin furta ta ba.

"Kada ki kwantar da ita ta ɓarin da ya shanye," ya ce. "Ruwan wanka kuma ki taɓa da hannunki tukuna, ba ta jin zafi a wannan gefen."

"To, Baba."

"In kin ji ta kira sunana, ba wani abu take so ba. Ki amsa mata kawai."