Bashin Kamfani Ya Haura Sulusi

Sau uku na sake lissafin a motar haya daga unguwarmu ta Hayyin Ashir, a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, har na kusa da ni ya ce in daina zungurinsa da gwiwar hannu. Amsar ba ta canza ba.

Ni na jawo wa kaina. Fiƙihun ciniki nake karantawa a jami'a a nan ƙasar Larabawa, kuma tun da ma'aikatan ofishin jakadancinmu suka fara kirana Malam Ukasha kaina ya kumbura. Wata huɗu da suka wuce Alhaji Sada na sashen biza ya nuna mini wani ɗan kamfani na Amurka, mai fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa yana fito da iskar gas. Kasuwa ta ɗan yi ƙasa, hannun jari ya yi arha, yana so ya zuba kuɗin da ya tara na ginin gidansa a Gusau. Tambayarsa ɗaya ce: halal ne? Ƙa'idar da muka karanta ba wuya: muddin bashin ruwa da ke kan kamfani bai kai sulusin darajarsa a kasuwa ba, ana iya saye. Na duba, na ce halal ne, har da gyara zaman hula.

Sai farashin mai ya rufto a ƙarshen 2014, ya ja irin waɗannan ƙananan kamfanoni ƙasa. Darajar kamfanin Alhaji Sada ta zube, bashin kuwa yana nan daram. Abin da bai kai sulusi ba, yau ya haura rabi.

Daga mota na shiga jirgin ƙasa, na sauka a unguwar Ma'adi, na wuce ƙofar gidansa, na zagayo, na sake wucewa. Na tsaya na sayi lemon da ba na buƙata. Wallahi tsoro nake ji.

Na same shi a falo da kwamfuta a cinya, yana jiran kasuwar Amurka ta buɗe, don sai bayan la'asar ɗinmu take buɗewa.

"Yalla, Malam, zo zauna," in ji shi, yana haɗawa da Larabci kamar kullum. "Kowa gudu yake, yanzu ne lokacin saye. Ƙarawa zan yi."

Na kasa zama. A tsaye na yi masa bayani, ina kai ina kawowa tsakanin taga da kujera.

"Tsaya," ya ce. "Kamfanin ya ci sabon bashi?"

"A'a, Alhaji."

"Rijiyoyinsa suna nan?"

"Suna nan."

"To me ya canza?"

"Farashi kawai."

"Wato da yana da tsada halal ne, da ya yi arha ya haramta. In na sayar yau, ko katanga kuɗin ba zai zagaye ba." Ya shafa fuska. "Babu wani ƙauli?"

Akwai, kuma ban ɓoye masa ba. Wasu malamai ba sa duba farashin rana ɗaya, suna ɗaukar matsakaicin na shekara biyu ne, kuma a wannan ma'aunin kamfanin bai faɗi ba tukuna.

"To khalas, shi ke nan!" Har ya fara murmushi, sai ya tsaya ya ƙura mini ido. "Kai fa? Wanne ka yarda da shi tsakaninka da Allah?"

Babi guda na rubuta a kundin digirina ina rushe wannan ra'ayin, ina jin daɗin kaina. Na so in yi ƙarya, har bakina ya buɗe. Haushin kaina ya kama ni, da haushinsa shi ma, da ya ƙi karɓar sauƙin da aka miƙa masa.

"A sayar," na ce.

Bai yi gardama ba. Na fi son ya zage ni. Kasuwa na buɗewa ya yi bismilla ya danna ya sayar, ya rufe kwamfutar a hankali. Ana jin ƙarar cokula daga kicin.

"Tamam, an gama," ya ce. "Saura abu ɗaya. Rabin kuɗin nan na matata Hajiya Batulu ne, zinarenta ta sayar, don na ce mata malami ya duba."

Ya juya wajen kicin ya ɗaga murya. "Hajiya, sa mayafinki ki fito. Malam zai yi miki bayani."