Gwangwanin Baba Mai Zane

Duk garin an san Baba Mai Zane da gwangwanin madara. Shekara talatin yana zana wa mutane gidaje, shagonsa na kayan gini shi ne mafi girma a bakin babban titi, ga shugabancin kwamitin raya gari da aka ƙi bari ya sauka. Amma in ya fito duba gini, ba jaka za ka gani a hannunsa ba, sai wani tsohon gwangwani da takardarsa ta daɗe da ɓarewa. Duk inda aka sa ƙarfen kariya a bene, sai ya cusa shi tsakanin sanduna. In ya wuce, to kan yaro ma zai wuce, dole a sake aiki. Masu walda suna gunaguni a bayan idonsa, iyaye mata suna sa masa albarka.

Matar ɗansa, wadda take ɗinki a gida, tana cikin masu sa albarkar. Shekara huɗu da aurenta, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, balle ta ce masa ga gyara.

Ranar Talata, saura kwana biyu a buɗe asibitin mata da yara da Baba ya zana kyauta, ta je rataya labulen da ta ɗinka. Tana kan kujera a barandar sama, ƙusa a baki, sai ta ji shirun 'yarta ya yi yawa. Ta waiwaya. Yarinyar, 'yar shekara biyu, ta kwanta rub da ciki tana bin takalminta, ƙafafunta biyu har sun fita ta ƙarƙashin ƙarfen kariyar suna lilo a iska.

Ba ta san lokacin da ta diro ba. Ta cafko rigar, ta fizgo ta, ta rungume ta har yarinyar ta fashe da kuka. Sannan ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta ta auna. Tsakanin sandunan tsaye komai lafiya. Tsakanin daɓe da sandar ƙasa kuwa, inci bakwai cif.

Ta kira mijinta a waya.

"Baba fa ya duba da kansa," in ji shi daga shago. "An raba kati, an kira baƙi. Don Allah ki rufa mana asiri, ki bari a buɗe, ni zan faɗa masa a tsanake."

"Jibi yara nawa za su hau barandar nan?"

Ta kashe wayar, ta goya 'yarta, ta sauka.

Baba yana tsakar filin asibitin, shi da sakataren kwamiti da mai waldar da ya yi aikin, suna shawarar inda za a jera kujeru. Da ya hango jikarsa, wadda yake tsokana da suna Uwargida, sai ya washe baki.

"Uwargida, wa ya taɓa min ke? Ko dai kin zo sashen haihuwa ne ba ki sanar da mai gida ba?"

Aka yi dariya. Uwar ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Baba, ina roƙon ka ara min gwangwaninka."

Dariyar ta tsaya. Ya dube ta na ɗan lokaci, ya miƙa mata, sannan ya bi bayanta. Gwiwarsa ta hagu ta shekara biyu tana damunsa, don haka a kowace matakala sai ya huta. Ta riƙa jiran sa.

A sama ta ajiye gwangwanin a kwance kan daɓe, ta tura shi da yatsa ɗaya. Ya gangara a hankali, ya wuce ta ƙarƙashin sandar ko gogawa bai yi ba. Suka ji ƙararsa a ƙasa, gwarangwam.

"Wallahi, Baba, yadda aka zana haka na yi," in ji mai walda.

"Na sani, ɗana. Ni na sa aka rage kaurin daɓen don ruwan sama ya riƙa gangarewa, ban koma kan zanen ba." Ya kama ƙarfen, ya sauka kan gwiwoyinsa da ƙyar, babbar rigarsa tana sharar ƙurar siminti. Ya kwantar da kai ya leƙa. "Kuma a tsaye na gwada. Yaro ba a tsaye yake faɗuwa ba."

Sakatare ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, mu jera benci a gaban wurin mana. A buɗe jibi, a gyara daga baya. Wa zai sani?"

"Uwargida ta sani. Kai ka taɓa ganin bencin da ya hana yaro zuwa inda yake so?" Ya miƙa hannu aka tashe shi. "A sanar da baƙi an ɗaga. In sun tambaya, ka ce mai zane ne ya yi kuskure. Kada in ji an ambaci sunan yaron nan mai walda."

Mai walda ya sunkuyar da kai. Baba ya ce masa ya je shago ya ɗebi sanduna iya buƙata, sannan ya juya ga matar ɗansa.

"'Yata, kin ji tsoron faɗa min?"

"Na ji, Baba."

"Amma kin faɗa." Ya share gumi da gefen rigarsa. "Gwiwata dai ta yi ritaya, ko ban yarda ba. Sauka ki ɗauko gwangwanin nan. Daga yau duk ginin da zan duba, ni in gwada a tsaye, ke ki gwada ta ƙasa."

Da kwana tara aka makara. Safiyar buɗewa, kafin baƙi su iso, ta bi barandar da rarrafe daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana tura gwangwanin da ya lotsa a gefe guda. Ko'ina ya cije. Baba yana tsaye a bakin matakala riƙe da hannun Uwargida, bai sake ta ba sai da uwar ta miƙe ta karkaɗe zanenta ta ce, "Baba, sake ta."